Kwalin Ashana

Yayana Hilarion ya dawo daga Ilo
bayan shekara goma sha ɗaya a bakin teku,
da jaka ɗaya, da tari,
da injin jirgi mai ƙarfin doki arba'in
naɗe cikin bargo kamar jinjiri.
Ya ce, "Eduviges, ga tsaraba. Ki jingine filafili."

Muka ɗaura shi a bayan jirgin babanmu.
Titikaka na kwance, sanyi na cin yatsu.
Ja ɗaya, ja biyu, sai a na bakwai ya kama,
ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi,
ya kai mu inda ciyawar totora ta ƙare,
ya shaƙe, ya yi shiru.
Da filafilin da aka ce in jingine
na dawo da mu gida.

"Ba ya haka a Ilo," in ji yayana,
yana faɗa yana haki, hannu a ƙirji.
Tudun gidanmu da yake hayewa a guje yana yaro,
ran nan sau uku ya tsaya.

Tsoho Nemesio Kutipa bai tambayi komai ba.
Ya kwance fulogi, ya ɗaga shi ga rana:
baƙi ƙirin, jiƙe, kamar gindin tukunya.
Ya shinshina, ya goge a wandonsa.
"Lafiyarsa lau. Ƙoshi ne ya yi masa yawa.
Can ƙasa iska mai kauri ce,
loma guda ta ishe shi haɗiye mai.
Nan mita dubu uku da ɗari takwas muke,
yana buɗe baki, rabin cokali yake samu,
ku kuwa kuna ta ɗura masa fetur irin na da."

Ya shimfiɗa mayafina a kan dutse,
ya zazzage kafireto gunduwa-gunduwa.
Daga cikinta ya zaro jet,
ɗan tagulla, bai kai ƙwayar masara ba,
da huda a tsakiya.
Ya laluba gwangwanin madara, ya fito da wani
mai ƙaramar huda. Ya sa. Muka gwada.
Hayaƙi dai. Ya sake sa wanda ya fi ƙanƙanta.
Sannan sukurudireba a kan kusar iska,
kwata, ya saurara,
kwata kuma, ya kara kunne kamar mai jin gulma,
ya wuce kaɗan, injin ya yi atishawa,
ya dawo da shi baya.

Muka zaga har kusa da Amantani muka juyo.
Fulogi ya fito da launin gasasshiyar sha'ir.
Sai dai gudun bai kai yadda yayana ya yi alkawari ba.
Nemesio ya yi dariya, haƙori biyu:
"Dawakinka arba'in, goma sha uku sun tsaya a hanya,
ba su iya hawan dutse ba.
Ba makanikin da zai kirawo su.
Sa farfela mai sauƙin juyi,
ka gode wa waɗanda suka iso."

Kafin ya tafi ya sa tsohon jet
a kwalin ashana, ya miƙo mini.
"In injin zai koma teku, a mayar masa da wannan.
In ba haka ba yunwa za ta ƙone fistin,
iska da yawa, mai kaɗan,
irin wannan mutuwar ba ta yin hayaƙi."

Wata huɗu ke nan.
Hilarion na hawa tudu yanzu da buhun dankali,
sau ɗaya yake tsayawa, wai kallon tafki yake.
Ya rage ci, ya rage surutu.
Da dare nakan ji shi yana waya da wata a Ilo.

Kwalin yana bayan hoton babanmu.
Jiya na ga an matsar da shi.
Na girgiza, ya yi ƙara,
na mayar, na fita duba raga.